Rumbun da Ke Cikin Jikinmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta, Malumfashi)





Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu a wannan ɗaki, ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Ranar da sakatare ya kira ni ya ce an ɗora mini yin magana a kan kitsen jikin ɗan Adam, na ce masa ai ni ba likita ba ne. Gaskiya ne ilimin sinadaran jiki na karanta a Zariya, amma tun da na gama bautar ƙasa ba abin da nake yi sai tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Sai ya yi dariya, ya ce ai ba don takardata aka zaɓe ni ba, in sunkuya in dubi gabana. To, waɗanda muka zauna aji ɗaya da su sun san sunan da ake kirana da shi a makarantar nan, wato Tsinke. Yau ga Tsinke a gabanku, babbar riga ce kawai ke rufa masa asiri.

Bara na kai ɗinkin Sallah, tela ya zagaya tef a cikina, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Yallaɓai, arziki ya zauna, inci 41." Na ji daɗi har na ƙara masa kuɗi. Ba a yi wata biyu ba aka tura mu gwajin lafiya saboda wani kwas, likita ya dubi takardata ya ce sukarin jinina kafin karin kumallo ya kai 6.4. Ya ce daga 7 ake kiransa ciwon sukari, ni ina bakin ƙofa ke nan, ban shiga ba, ban kuma yi nisa ba. Shekaruna ba su kai 40 ba, babban ɗana yana firamare. A daren nan na kakkaɓe tsofaffin littattafaina, na nemi sababbi, kuma abin da na samu shi ne zan ɗan gutsura muku a yau.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga kitse iri biyu. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, akwai kuma farin nan mai kamar mayafi da ke lulluɓe da hanji da kewayen ƙoda. Haka namu yake. In aka yanki ɗan ƙanƙane aka sa a madubin likita, za a ga ƙananan ƙwayoyi ne jingim, kowace kamar 'yar salka cike da ɗigon mai guda ɗaya, kaurinta bai wuce na silin gashi ba. Baligi yana ɗauke da biliyoyinsu. Kowace tana da rai, jini yana kai mata abinci, kuma tana da ƙofar shiga da ta fita.

Mu 'ya'yan manoma ba mu bukatar dogon bayani a nan, domin wannan ƙwaya rumbu ce. Idan ka ci tuwo, jiki yana mai da shi sukari ya zuba a jini. Amma duk jinin jikinka bai riƙe sukarin da ya wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lokaci guda, saboda haka dole a san inda za a kai saura. Akwai wata 'yar gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin. Insulin shi ne maigida mai riƙe da makulli. Da farko yakan sa a cika tukunyar tsakar gida, wato ɗan ajiyar sukari da ke cikin hanta da tsoka, wanda duka-duka bai wuce rabin kilo ba, kuma na hantar ba ya kai mutum fiye da kwana guda. In tukunya ta cika, sai a juya ragowar zuwa mai a kai rumbu, tare da man da ka ci a miya da suya. Muddin insulin na da yawa a jini, ƙofar shiga a buɗe take, ta fita kuwa a kulle. Sai ya ragu, kamar da tsakar dare, ko da la'asar ga mai azumi, ko ga mai huɗa tun asuba, sannan ake buɗe rumbu a ɗebo.

Ku dubi hikimar Ubangiji a nan. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sukari kuwa 4 kacal, kuma shi sukari ba ya ajiyuwa sai da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. Mutum mai matsakaicin jiki da ke ɗauke da kitse kilo 15 yana da ajiyar da ta haura kalori 100,000, wato abincin fiye da kwana 40. Da a siffar sukari aka ajiye masa wannan, da nauyin da zai riƙa yawo da shi ya fi buhun masara. Tozon raƙumi ma da muke cewa ruwa ne a ciki tun muna yara, kitse ne zalla, shi ya sa yake kwantawa in tafiya ta yi nisa.

Wannan rumbu shi ya raya kakanninmu. Kowa a nan ya san lokacin da abinci ke ƙaranci a ƙasar nan, wato tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da dawar bara ta ƙare, ta bana ba ta nuna ba, kuma a daidai lokacin ne aikin gona ya fi tsanani. Masu bincike na Ingila da suka shafe shekaru suna auna mutanen ƙauyen Keneba a ƙasar Gambiya sun ga manya suna zubar da kilo da dama kowace damina, su mayar da shi bayan kaka. Ba sai an auna mana ba, mun gani a gidajenmu. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 za su ba da labarin da ya fi wannan. Jikin da muka gada jiki ne da ya saba a cika rumbu da kaka, a kwashe shi da damina.

To, mu fa? Ni dai tun da na kama aiki kullum kaka nake ciki. Daga gida sai mota, daga mota sai kujera. Da hantsi a aiko da waina, da rana shinkafa, a wurin taron ofis a raba lemon kwalba da naman kaza, da dare a tsaya wurin mai tsire. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen cokali takwas ko tara, alhali na gaya muku jini cokali ɗaya yake riƙewa. A makarantar nan mun ci gabza da miyar kuka har mu nemi ƙari, mun sha kwaki da ƙuli-ƙuli da daddare, amma mun yi noma a gonar makaranta, mun ɗebo ruwa, mun yanke ciyawa, firfet ya sa mu tsallen kwaɗo. Ba wanda ya yi teɓa. Allah Ya saka wa firfet-firfet ɗinmu da alheri, ashe magani suke ba mu ba mu sani ba.

A da masana sun ɗauka kitse ajiya ce kawai, ba ta motsi, ba ta magana. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York suka gano cewa ƙwayoyin kitse suna fitar da wani sinadari da aka sa wa suna leptin. Aikinsa shi ne ya je ƙwaƙwalwa ya ba da rahoton abin da ke cikin rumbu. In kitse ya ragu, leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo, ta ƙara maka yunwa, ta kuma rage yawan abin da jiki ke ƙonawa. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka ba da labarin wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, da aka haifa jikinsu ba ya yin leptin. Ba su taɓa sanin ƙoshi ba, kullum kukan yunwa, ga ƙiba ta fitar hankali. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leptin sai cin ya daidaita, ƙibar ta zube. Duniya ta ɗauka an samu maganin ƙiba, amma murna ta koma ciki, domin yawancin masu ƙiba leptin ɗinsu ya ma yi yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraro, kamar mai gida kusa da injin niƙa da ya daina jin ƙararsa.

Wannan ya sa na daina yi wa mai ƙiba kallon rago ko makwaɗaici. Wanda ya rage kilo 10 yana kokawa ne da jikinsa, jikin da ke ganin an yi masa sata. A Amurka an bi sawun wasu da suka zubar da ƙiba mai yawa a wata gasar talabijin, aka buga sakamakon a 2016: bayan shekara shida jikinsu yana ƙona wajen kalori 500 a rana ƙasa da yadda ya kamata ga masu girmansu, kuma yawancinsu sun mayar da mafi yawan abin da suka zubar.

Akwai wani bincike da ya fi ba ni mamaki. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama kafin a hana a 1963 sun bar wata alama a iskar duniya, wadda ta shiga tsirrai, ta shiga abinci, ta shiga jikin kowa. Kirsty Spalding da abokan aikinta a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Sweden suka yi amfani da wannan alama wajen gane shekarun ƙwayoyin kitse, suka buga a 2008. Sun gano cewa yawan ƙwayoyin yana tsayawa ne tun daga ƙuruciya zuwa samartaka. Bayan nan, kowace shekara wajen kashi 10 cikin 100 suna mutuwa, a maye gurbinsu da sababbi, adadin yana nan. Ko mutum ya rame, rumbunan ba su rushewa, sai dai su zama wayam suna jiran kaka. Ina roƙon iyayen yara a cikinmu su riƙe wannan, musamman masu yi wa yaro ladan kuka da alewa da lemo.

Yanzu ga inda maganar take. Kowane rumbu yana da iyaka. In ƙwayar kitse ta cika ta kumbura fiye da kima, jini ba ya isarta sosai, sai ta fara ciwo, wasu su mutu, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a kansu kamar yadda suke taruwa a kan miki. Daga nan sai ta daina jin maganar insulin, ƙofar fita ta ƙi kulluwa, mai ya riƙa tsiyaya cikin jini dare da rana. Manomin da rumbunsa ya cika ya san abin da ke biyo baya: a jibge buhuna a zaure, a kai wasu ɗakin kwana, har a rasa wurin shimfiɗa tabarma. A jiki, zauren nan shi ne hanta, ɗakin kwana kuwa tsoka da ita kanta fankiriyas. Hantar da mai ya cika ta takan ci gaba da zuba sukari a jini ko ba a bukata. Fankiriyas ta yi ta ƙara insulin shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba, ranar da ta gaji sai a ce wane ya kamu da ciwon sukari, kamar jiya abin ya fara.

Kuma kitsen da ya fi yin wannan ɓarna shi ne na cikin ciki, mai kamar mayafin nan na ragon layya, domin jinin da ya fito daga gare shi hanta yake nufa kai tsaye. Tun 1947 wani likitan Faransa mai suna Jean Vague ya lura cewa masu tara ƙiba a ciki sun fi masu tara ta a cinya da ƙugu kamuwa da ciwon sukari da na zuciya. Mu maza a ciki muke tarawa. Abin da tela ya kira arziki, kallon kitse ne muke yi wa rogo.

Na hango wasu sirara suna murmushi. Kada ku yi saurin dariya, don girman rumbu ba ɗaya ba ne. Wani an ba shi manya, ya yi ƙiba sosai sukarinsa lafiya lau. Wani nasa ƙanana ne, da ya ƙara kilo biyar sun cika sun fara zuba. Akwai ma waɗanda ake haifa ba su da ƙwayoyin kitse kusan sam, kuma su ne ke yin ciwon sukari mafi tsanani, saboda ba inda za a ajiye man sai hanta. Bincike a Ingila tun farkon shekarun 1990 ya nuna cewa wanda aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi shiga haɗari in ya samu daula da girma. Mu nawa ne a ɗakin nan aka haifa a ƙauye da tsakiyar damina, uwa tana aiki ba ta ƙoshi ba?

Kada kuma a fahimce ni cewa kitse abokin gaba ne. Shi ke riƙe ɗumin jiki, shi ke ajiye wasu bitamin, kuma yarinyar da ta rame ƙwarai al'adarta kan tsaya. Jariri yana da wani kitse mai ruwan ƙasa a tsakanin kafaɗunsa wanda aikinsa ƙona mai ne don ya ba shi zafi, kuma a 2009 aka tabbatar manya ma suna da ragowarsa a gindin wuya. A jihar nan tamu har yau akwai yaran da tamowa ke kashewa saboda rumbunsu ba komai. Abin da ya dame ni shi ne ƙibar da ake saye a kemis. Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu matanmu da ƙannenmu ke sha kafin biki, wasunsu maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, wasu kuwa irin su dexamethasone ne, masu tara kitse a fuska da ciki, su cinye tsoka, su ta da sukari da hawan jini. Ina ganin laifin namu ne mu maza, tunda mu ne ke cewa matar wane ta ji daɗi don ta cika kujera.

Iyayenmu malamai za su tuna cewa a shekarun 1970 an yi wani babban aikin binciken cututtuka a nan ƙasar Malumfashi, na haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Liverpool, har sunan garin nan ya shiga mujallun likitanci na duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu a lokacin shi ne tsargiya, da zazzaɓin cizon sauro, da sanƙarau, da saran maciji. Waɗannan ba su tafi ba, ga kuma baƙo ya sauka a kansu. Binciken ƙasa da aka yi a farkon shekarun 1990 ya samu masu ciwon sukari wajen kashi 2 cikin 100 na manya a Nijeriya. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, ya samu kusan kashi 6. Ku tuna sanarwar rasuwa da neman taimakon asibiti da ke shigowa dandalinmu na WhatsApp, ku ƙirga sau nawa kuka ji an ce ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki, ko an yanke ƙafa.

Abin farin ciki, buhunan da ke zaure su ake fara kwashewa. In mutum ya fara ramewa, man hanta da na cikin ciki ne ke saurin tafiya. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, mutane irina da ke bakin ƙofa, waɗanda aka sa su rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A Birtaniya kuma, gwajin da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya nuna kusan rabin masu ciwon da bai daɗe ba sun koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda, kuma cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 cikin 100 ne. Wannan a ƙarƙashin kulawar likita aka yi, kada wani ya koma gida ya watsar da maganinsa ya ce Tsinke ne ya faɗa.

Wani zai tambaya, in kitse ya narke ina yake zuwa? Ba gumi yake zama ba, balle a ce a sa rigar leda a yi gudu da rana. In ka ƙona kilo 10, fiye da kilo 8 ta hanci yake fita a numfashi, saura ya zama ruwa. Tsoka mai aiki ce ke ƙona shi, kuma tsokar da ke motsi tana jan sukari daga jini ko insulin bai ba da umarni ba. Shi ya sa shayin rage teɓa da ake tallarsa a tasha ba abin da yake ragewa sai aljihu.

Ni abin da na yi kaɗan ne. Na bar lemon kwalba, na rage malmala daga biyu zuwa ɗaya na ƙara ganye da wake, ina ajiye mota in taka zuwa masallaci da kasuwa, kuma da damina na karɓi fartanya a gonar gidanmu ranakun Asabar, abin da ya sa ƙannena suka yi ta dariya. Azumi ma na gyara shi, domin da can abin da na ƙona da rana nakan mayar da ninkinsa tsakanin magariba da isha'i, da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari, alhali malamai sun sha tuna mana hadisin raba ciki kashi uku. Yanzu tef ya dawo inci 38, sukari ya sauko ƙasa da 6. Da saura, kuma wata biyu ke nan abin ya tsaya cak, leptin yana ta kai ƙarata.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiya. Cikin kuɗin da muke kashewa a kan lemo da kaji a wannan taro, a ware wani abu a sayi na'urar gwajin sukari da ta awon jini, mu roƙi 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu su riƙa duba mu kowace shekara, a fara da iyayenmu malamai. Kafin nan, ga tef na zo da shi, na aro wurin telan nan nawa. A auna a daidai cibiya, ba a ƙarƙashin teɓa inda muke ɗaura wando ba, kuma ban da riƙe numfashi. Ƙa'idar ita ce kada kewayen cikinka ya kai rabin tsawonka. Namiji in ya haura inci 37, mace inci 31 da rabi, to, a je a gwada jini. Zan ajiye shi a kan teburin sakatare, kuma tunda shi ya ce in sunkuya in dubi gabana, ina ganin da shi ya kamata a fara.

Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.